Kafin ka ɗora wa motarka manyan rim, ga yadda ake lissafin taya

Yanzu a Gombe duk matashin da Allah ya hore wa Corolla ko Camry, abu na farko da ke zuwa masa shi ne ya cire rim ɗin kamfani ya ɗora manya masu ƙyalli, inci 18 ko 19, wasu ma har 20. Ba laifi, mota tana kyau kam. Inda gizo ke saƙa shi ne rim ɗin ake zaɓa da ido, sai a ce wa mai taya saka min duk wadda ta shiga, shi kuma ya duba abin da ya rage masa a shago ya ɗaura maka, sati biyu ka fara jin ƙuuu duk sanda ka murza sitiyari.

Ka'idar guda ɗaya ce ɗan uwa: tsayin ƙafar gaba ɗaya, wato rim da taya a haɗe, ya tsaya kusan yadda kamfani ya yi shi. Rim ya ƙaru, dole ƙaurin gefen taya ya ragu. Masu harkar suna cewa kar bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100, sama ko ƙasa.

Toh fara da buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai wata 'yar takarda da aka manna mai ɗauke da girman tayar asali da iskar da ake ba ta. Da ita za ka yi aiki, kar ka dogara da tayar da ke jikin motar yanzu, don mai motar na baya ƙila shi ma kame-kame ya yi. A ce ka ga 205/55 R16, wanda Corolla da yawa ke zuwa da shi. 205 faɗin taya ne a milimita, 55 na nufin ƙaurin gefen taya kashi 55 ne cikin 100 na wancan faɗin, 16 kuma girman rim ne a inci. Ɗauko wayarka ka buga: 205 sau 0.55 ya ba ka kusan 113, ka ninka biyu tunda akwai roba sama da ƙasa, 226 ke nan. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, 16 sau 25.4 ya zama 406. Haɗa su, 632. Wannan lambar ita za ka riƙe.

Kana son rim 17? 225/45 R17 tana ba da 634, ka ga kamar ba a taɓa komai ba. Rim 18 kuma 225/40 R18, 637. In ka dage sai 19, akwai 225/35 R19 mai 640. Mai Camry irin ta 2007 zuwa 2011 da ke zuwa da 215/60 R16, nasa tsayin 664 ne, sai ya nemi 215/55 R17 ko 235/45 R18, dukansu suna wajen 668.

Yanzu dubi abin da ke faruwa in ba a yi lissafin ba. Mutum ya ɗora wa Corolla 225/55 R18 saboda ita ya samu da araha, tsayinta ya kai 705, ya ɗara na asali da sama da kashi 11. Agogon gudu na nuna masa 100 alhali yana kan 111, mota ta yi nauyi wajen tashi, tana shan mai, in ya ɗebi mutum huɗu a baya ya hau bamp sai taya ta kankare madigad. Kuma irin wannan gogar a hankali take yanka gefen taya, ba ka sani ba sai ranar da ta fashe.

Amma gaskiya ni ko lissafi ya yi daidai ba na ba wa kowa shawarar taya mai 35 a lambar tsakiya a hanyoyinmu. Ƙaurin 205/55 milimita 113 ne, na 225/40 ya dawo 90, na 225/35 bai kai 80 ba, kuma wannan robar ita ce katifar da ke tsakanin rami da rim ɗinka. In iyakacinka Jekadafari zuwa Tumfure ne a kan kwalta mai kyau, 40 za ta yi maka. In kuwa kai ɗan hanya ne, yau Bauchi ta Alkaleri gobe Kaltungo jibi Dukku, wallahi ka tsaya a 45 ko sama, don rami ɗaya da daddare ya isa ya fito wa taya da ƙulu a gefe ko ya tsaga aloy, kuma ƙulu ba ya faci, mai faci ko ya ce zai iya kar ka yarda. Shokazoba ma tana jin jiki, kai ma bayanka zai gaya maka.

Sai faɗin rim ɗin kansa, wanda mutane ba sa dubawa sam. Juya shi ta ciki za ka ga an rubuta kamar 18x8J ET40. 8 ɗin faɗi ne a inci, kuma rim mai 8 taya 225 ko 235 ce ke zama masa daidai, kar a ja masa 205 da ƙarfi har bakin rim ya fito waje. ET kuma shi ke nuna ko ƙafar za ta shige ciki ko ta leƙo waje, in ya yi nisa da na asali ko dai ta taɓa shokazoba ko ta fito ta ci madigad. Ramukan noti ma ba ɗaya ba ne, Camry da Accord 5x114.3 ne, wato noti biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, Corolla ta Amurka ta wajen 2003 zuwa 2013 5x100, Mercedes 5x112. Rim ɗin da sai an sha wahala noti ya kama, bar musu kayansu.

A jikin taya, bayan girman akwai wasu lamba da harafi, misali 91V. 91 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 615, V kuma iyakar gudunta, kilomita 240 a awa. Sabuwar kar ta gaza ta asali, musamman lambar nauyin, tunda mun san yadda muke loda buhunan masara a but lokacin kaka. In tokunbo za ka saya, nemi inda aka rubuta DOT ka karanta lambobi huɗun ƙarshe, 2322 na nufin an ƙera ta a sati na 23 a 2022. Wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara a gefe kuma ta ƙasashen sanyi ce, robarta laushi gare ta, zafin Maris da Afrilu na nan zai cinye ta nan da nan.

Kafin ka biya kuɗi ka ce a gwada ɗaya a gaba tukuna, a sauke jak, ka murza sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka zura hannu ka ji ko akwai fili tsakanin taya da madigad. In ta wuce sai a ɗaura sauran, a yi balansin da alaimen a ranar, iska kuma a sa geji a auna, ba a buga taya da ƙafa a ce ta yi ba.