Kurakuran da Masu Koyar da Kanikawa da Ma'aikatan Kamfanonin Mota Suka Fi Yi, da Yadda Ake Gyara Su

Duk inda kanikawa suka taru, Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, akwai mutum guda da ake ji da shi. Idan mota ta gagari kowa, shi ake aikawa a kira. Irinsa ne kamfanonin dillancin motoci da cibiyoyin koyon sana'a suke nema su ce ya zo ya horar da wasu. Aiki ne mai mutunci da albashi tsayayye, kuma bayan mutum yana hutawa da kwanciya a ƙarƙashin mota. Amma na ga gwanaye da dama sun shiga sun fita ba su bar ɗalibi ko ɗaya da za a nuna ba. Iya gyara daban, iya koyarwa daban, kuma kusan duk kurakuran da zan kawo daga rashin gane wannan suka tsiro.

Karɓe sifana daga hannun ɗalibi

Wannan ne ya fi yawa, kuma ni ma na yi shi. A shekarata ta farko ina koyarwa, wani yaro yana fama da ɗaura bel ɗin taimin, hannunsa yana rawa, ya kasa daidaita alamomin. Na ce masa, "Matsa ka gani." Cikin 'yan mintuna na gama. Ya ce, "Na gane, Oga." Bayan mako biyu aka kawo irin motar ba na nan, ya ɗaura bel ɗin da kuskuren haƙori ɗaya, mota ta tashi tana karkarwa ba ƙarfi. Ba shi na ga laifi ba. Abin da na nuna masa a ranar shi ne ni na iya, shi kuwa bai koyi komai ba.

Tun daga nan na sauya tsari. Ina yi sau ɗaya a hankali ina faɗin dalilin kowane motsi. Sai in sake yi, amma shi ne zai riƙa gaya mini abin da zan yi, in ya yi shiru in tsaya. Sannan ya yi da kansa yana bayani da baki, ni kuma hannuwana suna bayana. Ba na sa hannu sai in na ga zai ji rauni ko zai lalata kaya mai tsada. Yana cin lokaci, kuma zuciya tana ƙaiƙayi idan kana kallon mutum yana ɓata rabin sa'a a kan aikin minti biyar. Ka daure. A wannan rabin sa'ar ake koyon.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne ɓoye sirri. Akwai ogan da in ya zo wurin da gwanintar take, sai ya aiki yaro sayo ruwa. Yaro ya shekara huɗu yana wanke noti da fetur, a yaye shi bai taɓa buɗe giyabos shi kaɗai ba. Wanda ya ɗauki koyarwa a matsayin sana'a ba shi da wannan uzurin, domin abin da ake biyansa ya bayar ke nan.

Koyar da canza kaya maimakon gano cuta

A nan nake so a tsaya sosai, domin a nan kuɗin masu mota suke ƙonewa.

Motocin da muka taso a kansu, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, kunne da ido da hanci sun isa a gano yawancin matsalolinsu. Motar yau tana da ƙwaƙwalwa. Tun 1996 doka ta wajabta tsarin OBD-II, wato tsarin da mota ke ba da rahoton matsalolinta ga na'urar bincike, a kan motocin da ake sayarwa a Amurka, Turai ma ta bi sahu a kan motocin fetur a 2001. Shi ya sa kusan duk 'yar Beljiyam da ke yawo a titunanmu tana da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Masu mota kan ce "a sa mata kwamfuta", kuma da yawa sun ɗauka kwamfutar ce za ta faɗi abin da ya lalace. Abin takaici, wasu masu koyarwa ma haka suke koyarwa: ka jona, ka karanta lamba, ka canza abin da lambar ta ambata, ka goge.

Ɗauki lambar P0171. Ma'anarta iska ta fi mai yawa a cakuɗen da injin yake ƙonawa. Ɗalibin da aka koya wa haddar lambobi zai ce sensar salansa ce, wadda ke auna iska a hayaƙin da injin ke fitarwa, a sayo sabuwa. Alhali sensar gaskiya ta faɗa, ita mai kawo rahoto ce kawai. Wataƙila robar da ke kai iska ce ta tsage, ko sensar auna iska ta yi datti, ko famfon mai ya yi rauni. Abin da ya kamata malami ya nuna shi ne yadda ake bambancewa. A buɗe alƙaluman da na'urar ke nunawa injin yana aiki, a duba yawan man da ƙwaƙwalwa take ƙarawa don cike giɓin. Idan ƙarin ya yi yawa mota tana tsaye, sannan ya ragu da aka taka totur, to a nemi inda iska ke satar shiga. Idan kuwa sai an ba ta wuta abin yake ƙaruwa, a auna ƙarfin famfon mai. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa sau biyu ya samu hanyar tunani da za ta yi masa aiki a kan lambobin da bai taɓa gani ba.

Haka batun lantarki. Kada ka yaye mutumin da bai iya riƙe mitar auna wuta ba. Ya san lafiyayyen batir a huce yana nuna kusan bolt 12.6, in injin ya tashi kuma caji ya kai tsakanin 13.5 da 14.5. Ya iya bin zanen wayoyi da yatsa daga fiyus har zuwa inda wuta ta tsaya.

Kuma dole malami ya yi gaba da gaba da al'adun da suka zama jiki a garejinmu. Cire tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, da jona fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi: injin an ƙera shi ne ya yi aiki a wani ma'aunin zafi, in bai kai ba ƙwaƙwalwa za ta ci gaba da zuba masa mai kamar yanzu aka tayar da shi, ya sha fetur ya ci kansa. Zuba baƙin mai 20W-50 a injin da littafinsa ya ce 5W-30 ko 0W-20. Zuba man giya na gama-gari a giyar CVT, wani nau'in giyar otomatik mai nata man na musamman. Ɗaure notin kan silinda da ƙarfin damtse ba da sifana mai auna ɗauri ba. Idan ka ce "ba kyau" kawai, ɗalibi zai koma gareji ogansa ya ce "haka muke yi tun ba a haife ka ba", magana ta mutu. Ba shi dalilin da zai iya maimaitawa cikin ladabi.

Mantawa da waɗanda ba sa riƙe sifana

A kamfanin dillanci, ba kanikawa kaɗai ake horarwa ba. Akwai mai karɓar mota a tebur, da mai ɗakin kayan gyara, da masu sayarwa. Sau da yawa malamin da ya fito daga gareji yana raina horar da su, alhali rabin aikin da ake maimaitawa daga teburin nan ya lalace.

Alhaji ya kawo mota ya ce, "Tana wata ƙara." Ma'aikaci ya rubuta a katin aiki: a duba ƙara. Bakanike ya wuni yana lalube. Da an koya wa ma'aikacin ya ce, "Ranka ya daɗe, da safe take yi ko sai ta yi zafi? A kan gudu ko in an taka birki? In an karya kwana ko in an faɗa rami? Daga gaba ko daga baya?" da an rage aikin wuni zuwa sa'a guda. Ana koyar da wannan ne da kwaikwayo: kai ka zama mai motar, har da mai fushi wanda aka ɓata wa lokaci, su kuma su karɓe ka. Mai ɗakin kaya ya saba neman kaya da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ba da cewa "irin na Corolla" ba. Mai sayarwa kuma ya daina alkawarin da garanti bai ƙunsa ba, ya zauna da mai saye ranar miƙa mukulli ya gaya masa irin man da motar take sha da lokacin sabis.

Harshe

Wasu suna zuba Turanci daga farko har ƙarshe don a san sun je kwas, ɗalibai suna gyaɗa kai ba su gane ba. Wasu kuma suna guje masa gaba ɗaya. Yi bayani da Hausa har ya zauna, amma sunan kowane abu ka rubuta shi yadda yake a littafin kamfani da fuskar na'ura, domin da shi ɗalibi zai ci karo ranar da ba ka kusa.

Wasa da tsaro

Ɗalibi ba ya bin abin da ka faɗa, abin da ya ga kana yi yake bi. Idan ya gan ka ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai ba tare da matokari ba, ko kana zuƙo fetur da baki, ko ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ka gama rushe darasin. Yanzu kuma haɗarin ya ƙaru. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin Prius da Toyota ta fara fitarwa a 1997, batirinsu yakan haura bolt 200, kuma wayoyin da ke ɗauke da wannan wuta ruwan lemo ne don a gane su. Ba a taɓa su sai an kashe mota, an sa safar hannu ta masu aikin babbar wuta, an zare filogin tsaro, an jira lokacin da littafi ya ce, sannan an auna an tabbatar babu wuta. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 mutane suka karkata ga iskar gas ta CNG, wadda ake matsawa a tulu har ƙarfin matsinta ya kai "bar" 200. Wanda bai samu horo na musamman a kanta ba kada ya koyar da ita, komai gwanintarsa a injin fetur.

Takardar halarta a madadin gwaji, da takardunka kai kanka

Kwana biyar a aji, hoto, satifiket, kowa ya watse. Wannan ba ya nuna an iya. Gwajin da na yarda da shi shi ne in dasa cuta a mota da hannuna: in sassauta wayar "earth" da ke haɗe da jikin mota, ko in sa fiyus da ya ƙone, ko in zare ƙaramar robar iska. Sai in ba ɗalibi katin aiki da koken mai mota, in zauna da takarda ina lura da matakan da ya bi. Wanda ya gano ta hanyar sa'a bai ci ba. Bayan wata biyu ko uku kuma in bi shi wurin aikinsa in ga ko motocin da ya gyara suna dawowa.

A Jamus, koyon gyaran mota shekara uku da rabi ne tsakanin makaranta da gareji, kuma ba a barin mutum ya riƙe ɗalibai sai ya ci jarrabawar cancantar koyarwa. A Amurka takardar ASE, shaidar ƙwarewar kanikawa, duk shekara biyar ake sabunta ta. Mu ma muna da ƙofofi, rashin bin su ne yake tsayar da gwanaye a bakin ofis. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki uku, da jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da NBTE, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna, take kula da shi, wanda yake duba abin da hannunka ya iya ko da a gareji ka koya. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, mai hedikwata a Jos, tun 1971 yake harkar horar da ma'aikata, kwalejojin ilimi na fasaha a Bichi da Gombe da Potiskum kuma suna koyar da dabarun koyarwa kansu.

In ka samu aikin, kada ka yi sallama da gareji. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi: shekara biyu kana tsaye gaban allo, sai a kawo motar da ba ka san inda batirinta yake ba, kuma ɗalibai suna ganewa nan take. Ka nemi a sa maka yini ɗaya a kowane mako a jadawalinka da za ka sa rigar aiki ka karɓi katin gyara kamar kowane bakanike, kuma ka roƙi shugaban gareji ya riƙa ajiye maka motocin da suka dawo sau biyu. Daga cikinsu za ka fitar da darasin mako mai zuwa.