Yadda Ake Sayen Eya Firaya da Soya Dankali da Kaza a Cikinta

Eya firaya, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 2010, na'urar girki ce ta lantarki da ke da ƙarfe mai ɗaukar zafi a samanta da fanka mai hura iskar zafin a jikin abinci. Duk abin da ya tare wa iskar nan hanya, shi ke ɓata girki.

Wurin saye, juya ta ki karanta rubutun da ke ƙasanta. Wadda aka ƙera don Amurka wuta mai ƙarfin volt 110 zuwa 120 take ɗauka, tamu kuwa 230 ce, kina jonawa za ta ƙone. A kayan gwanjo aka fi cin karo da irinta. Yawancinsu suna jan wat 1,200 zuwa 1,800, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, kuma a soket ɗin bango ake jona ta kai tsaye. Mai wat 1,500 rabin yunit take ci a minti 20. Idan kun kai mutum huɗu, kada ki sayi ƙasa da mai lita 5.

A dankalin turawa sababbin shiga suka fi faɗuwa. Ki yanka rabin kilo kamar kaurin ɗan yatsa, ki jiƙa a ruwan sanyi minti 30 don sitacin ya fita. Sai ki tsane, ki shimfiɗa a kan tsumma mai tsabta ki goge sosai har danshin ya ɗauke. Dankali mai jiƙa turara yake yi, ya fito laɓe-laɓe, fari fat. Ki zuba man gyaɗa cokali ɗaya a roba ki cakuɗa da hannu, gishiri sai bayan an sauke.

Kada ki cika kwandon da ake zuba abinci a cikinta. Rabinsa ya isa, ki riƙa hango ramukan ƙasan ta tsakanin dankalin. Idan aka tula, na sama ya ƙone, na tsakiya ya zauna ɗanye. Gara ki yi zubi biyu. Ki bar ta ta yi zafi minti 3, ki sa a digiri 180 na ma'aunin Celsius na minti 20 zuwa 25, kina ciro kwandon kina girgizawa duk bayan minti 7.

Cinyar kazar gidan gona minti 25 a 190, a juya a tsakiya. Kazar Hausa sai an tafasa tukuna, in ba haka ba tauri za ta yi. Idan kitse ya fara hayaƙi, ki zuba ruwa cokali biyu a mazubin da ke ƙarƙashin kwandon.

Ƙosai da fanke ba nata ba ne, ƙullun zuba yake yi ta ramuka. Takardar gasa abinci kuma kada a sa ta babu abinci a kai, fanka zai ɗaga ta zuwa ƙarfen ta kama da wuta. Wanki da soso mai laushi kawai, soson ƙarfe yana kankare shafen da ke hana abinci manne wa kwandon.