Ku daina yin juye da ka

'Yan uwa masu babur, duk ranar da aka yi muku juye, wato canjin baƙin mai, ku rubuta a ƙarƙashin sit kwanan wata da lambar da mitar tafiya ta nuna.

Dalili kuwa, baƙin mai da tafiya yake lalacewa, kai kuma mantuwa gare ka. Ni a baya sai na ji injin ya fara ƙara nake tunawa.

Amma kada ka bi mita ido rufe. A cunkoson Kantin Kwari injin yana aiki, mita tana tsaye. Lokacin hunturu kuma ƙura tana saurin toshe matatar iska, sai ka riƙa dubawa tun kafin lokaci.

In wayar mitarka ta tsinke, dabarar ba ta aiki. Sai ka koma ƙirga makonni har a gyara.