Yadda ake kafa kulob na zaman tare da adalci a fak ba tare da jiran kuɗin ONG ba

Toh ƴan uwa ɗalibai, musamman ku ƴan fak, wato jami'a, da ke ƙetaren gada a Harobanda ta Yamai, ku matso. Mun saba ganin yadda ake taron zaman tare a garin nan, a buga bandarol, a kira manya su yi ta jawabi da Faransanci har azahar, a raba sanwic da lemo, kowa ya sa hannu a takardar perdiyem ya kama gabansa, washegari ka shiga resto ka tarar ƴan Damagaram na gefensu, ƴan Tilaberi na nasu, ɗalibin da ke kan keken guragu kuma har yanzu sai abokai sun ɗaga shi kafin ya shiga anfi. A ganina kulob ɗin da zai yi amfani ƙarami ne, kuma aikinsa shi ne ya gyara abu guda wanda ido zai gani. Ga yadda za ku bi.

Da farko ku nemo mutum biyar ko shida, amma dan Allah kar su zama ƴan fadarku da kuke shan shayi kullum. Jihohi 8 gare mu, kuma dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa har 10, a ciki akwai Buduma na bakin tafkin Cadi da Tasawak na mutanen Ingal, wasunmu har su gama lisans ba su taɓa zama da mai jin ɗaya daga cikinsu ba. Jami'ar Abdou Moumouni ita ce babba tun 1970 da ƴan kai, ko bayan an buɗe na Tawa da Maraɗi da Damagaram har yau ba jihar da ba ta da ƴaƴa a nan, saboda haka ba ku da hujjar cewa ba ku samu kowa ba. A cikin shidan nan a sa mata aƙalla biyu, kuma kar a ce mace ita ce mai rubuta rahoto don kawai mace ce, a ba ta shugabanci ko kes, wato asusun kulob. A sa mai naƙasa ɗaya tun ranar farko, da bakinsa zai faɗi abin da ke damunsa.

Mataki na biyu sauraro ne, kuma nan ne yawanci ake gaggawa. Ku sayi kaye guda, ku ɗau sati biyu kuna zagaya site da layin resto da wurin jiran bas, kuna tambaya ɗaya tak: mene ne ya fi ba ka wuya a nan wanda na kusa da kai bai sha ba? Kar ku rubuta suna. Kowa ya yi magana da harshen da ya fi sakin jiki da shi, mai Zabarmanci ya yi, mai Fulatanci ya yi, wani a cikinku ya fassara, don akwai yaron da ya fito daga lise na ƙauye wanda kansa ja ne wlh amma in aka ce ya yi Faransanci gaban jama'a sai ya yi shiru a ɗauka ba shi da ta cewa. Lokacin zama ma ku kula da shi, in kuka sa taro bayan magariba kun kori duk ƴar da za ta ƙetara gadar Kennedy ta nemi faba-faba zuwa Talaje ko Ayeropor, kuma gida ana jiranta.

Bayan sati biyu kayen zai cika da kuka, jinkirin burs, ɗaki, abinci, ba za ku iya da duka ba, kuma burs da ɗaki aikin sandika ne da hukuma. Ku zaɓi ɗaya wanda ƙarfinku zai kai. Misali ɗalibi makaho a ajinku, malam ya ba da fotokofi shafi arba'in, shi me zai yi da ita? Sai ku raba shafukan, kowa ya karanta nasa a waya ya tura masa ta WhatsApp. Amma akwai yadda ake yi: ka fara da faɗin sunan kur ɗin da lambar shafi, sunan marubuci in na waje ne ka jero harufansa ɗaya bayan ɗaya, in ka zo kan tablo ka ce layi nawa ne kafin ka shiga ciki, kar ka yi a bakin titi inda kabu-kabu ke wucewa, kuma ka yanka shi minti goma goma saboda mega na da tsada kuma ya fi sauƙin komawa baya. Ku tambaye shi ko saurin ya yi masa, shi zai gyara muku. Ko kuma ku nemi a sauko da aji ɗaya daga bene zuwa ƙasa saboda mai keke, wannan ko dala ba ya ci, sauya sal ne kawai. In za ku rubuta buƙatar ku tuna wa hukuma cewa Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, ku yi magana a kan haƙƙi ce, ba sadaka kuka zo nema ba.

Sai maganar izini. Ku rubuta takarda shafi ɗaya zuwa ga dwaye, wato shugaban fakulte, ku bi ta hannun delege na aji, kuma ku je ku gaida ƴan UENUN, reshen jami'a na ƙungiyar ɗaliban Nijar USN, ku faɗa musu abin da kuke ciki tun kafin su ji a bakin wani. Ƙungiyar USN ba ta wasa ba ce, ɗalibanta ne suka zubar da jini a gadar nan ranar 9 ga Fabrairu 1990, kowa ya san nauyinta, ku nuna musu ba kishiya kuka zo yi ba. Tutar jam'iyya kuma a bar ta a waje. Kuɗi? Kotizasiyo dala ashirin a sati ya isa sukari da ganyen shayi da gawayi, a rubuta shiga da fita a bayan kayen.

Yanzu zaman tattaunawa, sau ɗaya a wata ya wadatar. Ku buɗe da wasan taubasai don jiki ya saki, Bafulatani ya tsokani Babarbare, Bagobiri ya taɓa Bazabarme, a yi dariya, ai abin namu ne har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Sai dai ni ina da ja a nan, sau da yawa muna fakewa da wasan don kar a taɓo inda ke ciwo, da an kawo maganar asali sai wani ya yi raha a wuce. Kuma maganar tana nan, har a fak akwai auren da ke mutuwa don an bincika an ce kakan yaro bawa ne ko maƙeri. In za ku taɓa ta ku shiga ta ƙofar shari'a, ku samu ɗan fannin doka ya kawo muku labarin Hadijatou Mani, ƴar jihar Tawa da aka sayar tana da shekara 12 a kan jika 240, ta kai ƙasar Nijar ƙara kotun CEDEAO ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Oktoban 2008 kotun ta ce gwamnati ta gaza kare ta, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa, alhali tun 2003 doka ta mai da bauta laifi. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, wadda ta tsaya mata, tun 1991 take wannan aiki, kuna iya gayyatar wani daga cikinsu. Doka ɗaya ce a irin wannan zama kuma mai jagora ya faɗe ta da ƙarfi tun farko: ba a tambayar kowa asalinsa, ba a nuna kowa a ce wane faɗa mana ai ku abin ya shafa. Wanda ya so magana zai yi da kansa.

Wata rana wata za ta zo da ƙorafin cewa wani na matsa mata. Kar a kai shi grup, kar a yi ta yawo da suna. Mace ɗaya a cikinku ta saurare ta, kuma ba a kai maganar gaba sai da yardarta.

Ga ranaku biyu da za ku rataya aikinku a kai, 24 ga Afrilu ranar haɗin kan ƙasa da ta samo asali daga yarjejeniyar sulhu ta 1995, da 13 ga Mayu ranar matan Nijar, tunawa da tattakin da suka yi a nan Yamai a 1991 don a ba su kujeru a shirin babban taron ƙasa. A ranakun ku faɗa wa jama'a abin da kuka gyara da abin da ya gagara, minti goma sha biyar ya isa.

Na ƙarshe, kun san halin shekarar karatu a nan, yajin aiki ya shigo, shekara ta hau kan shekara, manya su kama rubutun memwar su ɓace. Don haka tun watan farko ku jawo ƴan shekarar farko biyu su riƙa zama kusa da mai jagora, kafin hutu a damƙa musu kayen da kes da lambobin masu karanta wa makaho kur, a gaban kowa, a rubuta nawa ne ya rage a ciki.