Gwada da kanka: ruwan sanyi ya fi riƙe iskar kabon

Sayo lemon roba biyu iri ɗaya, masu gas. Gas ɗin nan iskar kabon dayoksaid ce da aka matsa ta narke a ruwan.

Da farko saka ɗaya a firij awa 3, ɗayan ka ajiye a rana. Zafin Kaduna na watan Afrilu ya wadatar. Kada ka girgiza su.

Fara buɗe mai sanyin: ɗan huci kawai za ka ji. Mai zafin kuwa ka nisanta shi da fuskarka, don yakan yi ambaliya.

Sai ka zuba kowanne a kofin gilashi ka zuba ido. Na zafin zai yi ta kumfa, nan da nan ya salance. Na sanyin yana nan yana cizon harshe, domin a sanyi ƙwayoyin iskar ba su da kuzarin ficewa daga ruwa.