Yadda Ake Gane Iskar Kabon Dayoksaid a Ɗakin Gwaji

Wannan gwaji yana yawan fitowa a jarrabawar aikin hannu ta WAEC da NECO, don haka ku saba da shi tun yanzu.

1. Ku sa tabarau na kariya.

2. Ku daka ɓawon ƙwai ko ɗan dutsen marmara, ku zuba cikin kwalbar gwaji. Kada ku ɗauki allin rubutu, domin galibinsa jibsum ne (wani farin ma'adini daban), ba zai yi kumfa ba.

3. Ku ɗiga asid haidurokulorik (HCl) mai sirki. Nan take za ku ga yana tafasa da ƙananan kumfa. Ku toshe bakin da sauri da marfin da ke ɗauke da siririn bututu.

4. Ku nutsa ɗaya bakin bututun cikin tataccen ruwan kalsiyam haiduroksaid, Ca(OH)₂, wanda aka haɗa kwanan nan. Idan ruwan ya yi fari kamar madara, iskar kabon dayoksaid (CO₂) ce. Farin yana fitowa ne saboda kalsiyam kabonet (CaCO₃) da ya samu, wanda ba ya narkewa a ruwa. Ku bar iskar ta ci gaba da shiga, sai ruwan ya sake washewa, domin CaCO₃ ɗin ya koma kalsiyam haidurojin kabonet, Ca(HCO₃)₂, mai narkewa.

CO₂ tana kashe wutar ashana, amma mutuwar ashana kaɗai ba hujja ba ce, naitirojin ma tana kashe wuta.