Yadda Sabon Ma'aikacin Laburaren Kiwon Lafiya Zai Samu Jagora Ya Fara Bincike

Digirin ilimin laburare kaɗai ba ya isar mutum ya amsa wa likitan da ke neman hujja a kan wani magani, domin wannan ƙwarewa a bakin aiki ake samun ta, a hannun wanda ya riga ka shiga fagen.

Mataki na farko shi ne zaɓen jagora. Kada girman muƙami ya ruɗe ka. Ka nemi wanda yake wallafa maƙaloli kuma yake da lokacin duba rubutunka. Idan babu irinsa a asibitin koyarwar da kake aiki, ƙungiyar AHILA, wadda aka kafa a 1984 domin masu kula da bayanan lafiya a Afirka, tana iya haɗa ka da wani daga wata jami'ar.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne koyon lalubo bayanai a gaban jagoran. Ku ɗauki tambaya guda, misali rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga masu juna biyu, kowannenku ya laluba shi kaɗai a PubMed, rumbun maƙalolin likitanci da ke intanet, sannan ku kwatanta abin da kuka samo. A nan za ka ga amfanin MeSH, jerin kalmomin da Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka ke rarraba maƙaloli da su, ka kuma gane abin da ya kuɓuce maka. Tun da mujallun Afirka da yawa ba sa cikin PubMed, sai ka ƙara da AJOL da African Index Medicus, rumbuna biyu na maƙalolin mujallun Afirka. Cikakkun maƙalolin da ake saye kuwa, shirin Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2002 yana buɗe su ga cibiyoyin da suka cancanta kuma suka yi rajista.

Daga nan sai ka zaɓi ƙaramar tambaya daga teburinka, kamar inda ɗaliban aikin jinya ke samun bayanai, ka nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka raba takardun tambayoyi.

Idan likitoci suka gayyace ka aikin tattara binciken da aka riga aka yi domin tace shi, ka rubuta kowace kalma da ka yi amfani da ita, da rumbun da ka duba, da ranar dubawar, saboda ƙa'idar PRISMA ta 2020, wato ƙa'idar rubuta rahoton irin wannan aiki, ta buƙaci a bayyana su. Maganar sanya sunanka cikin marubuta kuma, ka nemi jagoranka ya taya ka daidaita ta tun kafin a fara aikin.